An yi CT an ce ba komai, yarinya kuma sai murɗewa take: a yi MRI ko a haƙura?

Tambayar da wani bawan Allah ya aiko min daga wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, na taƙaita ta. 'Yarsa shekararta 6, lafiya ƙalau aka haife ta, ta yi zama ta yi rarrafe ta yi tafiya duk a kan lokaci. Tana shekara 3 da 'yan watanni ta fara yawan faɗuwa, tana taka ƙasa da kan yatsu, yanzu abin ya kai hannu na murɗewa ya koma baya, baki na karkacewa, maganar ma da ƙyar ake ganewa. Yayanta namiji haka ya yi har ya rasu yana shekara 9. Mai tambayar da matarsa 'ya'yan wa da ƙani ne. Bara an yi mata hoton kai na CT a Kano aka ce ba a ga komai ba, yanzu kuma wani likita ya ce sai an yi wani hoton kan mai suna MRI. Shi ne yake tambaya ko ba asarar kuɗi ba ce tunda hoton farko bai nuna komai ba, ga mutanen gida suna cewa dama ba ciwon asibiti ba ne.

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan yaron Ya sa mai ceto ne, ita kuma Allah Ya ba ta lafiya, Ya ba ku ladan jinya kai da mahaifiyarta.

Amsata a taƙaice ita ce ka yi MRI ɗin. Likitan da ya ce a yi ba neman kuɗinka yake ba, da ni na ga yarinyar da irin wannan labarin abin da zan rubuta kenan. Amma akwai yadda za ka yi shi ya yi amfani akwai kuma yadda za ka yi kuɗin riɗinka na shekara ya tafi a banza, shi yasa zan ɗan ja maganar, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Kuma ka sani tun yanzu ba zan iya faɗa maka sunan ciwonta daga rubutu ba, sai an gan ta an taɓa ta.

Mutanenmu duk hoton kai suna ɗaukarsa abu ɗaya ne, an saka yaro a inji an fito da shi. Toh ba ɗaya ba ne. CT ɗan'uwan hoton ƙirji ne da na karaya, haske iri ɗaya suke amfani da shi, sai dai shi yana zagaya kan ya yanka shi fai-fai. Gwani ne wajen ganin ƙashi, jini da ya zuba a ka bayan hatsari, ruwa da ya taru, ko babban ƙari. Cikin 'yan mintuna an gama. Amma naman ƙwaƙwalwa kansa, musamman 'yan ƙananan wuraren da ke can ciki, yana ganinsu ne dishi-dishi kamar wanda ya hango gari ranar da hazo ya sauka, zai ce maka ga gari can amma ba zai ce ga ƙofar gidan wane ba. MRI kuwa maganaɗisu ne babba, ba ya amfani da wancan hasken ko kaɗan, kuma shi ne ke bambance wannan nama da wancan, ya nuna inda ya kumbura, inda ya mutu, inda wani sinadari ya taru. Don haka idan an ce CT bai ga komai ba, abin da aka ce maka shi ne ba ƙari ba jini ba ruwa. Alhamdulillahi wannan ma labari ne mai daɗi. Amma ba a ce ƙwaƙwalwar lafiya take ba, kuma ba hujja ba ce ga masu cewa iska ce.

Can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai wasu 'yan dunƙule-dunƙule da ni nake ce wa cibiyoyin motsi idan ina yi wa iyaye bayani. Aikinsu tace motsi. Idan ka miƙa hannu za ka ɗauki moɗa, akwai jijiyoyin da ya kamata su ja akwai waɗanda ya kamata su saki, su ne ke cewa kai ja kai kuma tsaya. Idan suka samu matsala sai kowa ya ja a lokaci ɗaya, na gaba ya ja na baya ya ja, shi ne kake ganin hannu ya murɗe, ƙafa ta lanƙwashe ciki, wuya ya karkace, harshe ya turo. Likitoci suna ce wa wannan distoniya. Ka lura da ita idan ta yi barci mai nauyi, za ka ga jikin ya saki, da ta farka ta yi yunƙurin yin wani abu ko ranta ya ɓaci sai ya dawo. Wannan yana cikin abin da ke sa mutane su ce ai aljanu ne tunda yana zuwa yana tafiya, alhali haka ɗabi'ar ciwon take. Akwai kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, ita aikinta daidaito, idan ita ce ta taɓu yaro tangaɗi yake yi yana ware ƙafa, ba murɗewa ba.

Abin da ya sa labarinka ya tsaya min a rai abu uku ne da ka faɗa da bakinka: ta fara lafiya sannan ta koma baya, yayanta ya yi irinsa, kuma ku 'yan'uwan juna ne. A nan ƙasar tamu yawancin yaran da ke zuwa mana da murɗewar jiki ba gado ba ne. Mafi yawa ko dai doguwar naƙuda ce yaro ya fito bai yi kuka ba, ko shawara ce ta kama shi a satin farko ta hau kai, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Duk mutane sukan haɗa su a kwando ɗaya su ce galahanga. Amma waɗannan ɓarnar sau ɗaya take faruwa ta tsaya, yaron tun farko za a ga bai riƙe wuya a kan lokaci ba, bai zauna a kan lokaci ba. Yaron da ya yi gudu a tsakar gida har shekara 3 sannan ya fara rasa abin da ya iya, a hankali a hankali ba tare da wani babban ciwo ya kwantar da shi ba, wannan wani babi ne daban, kuma duk likitan yara da ya ji haka dole ya yi tunanin ciwon gado.

A nan ne MRI ke da amfani, saboda cututtukan nan kowanne akwai inda yake son ci, kamar yadda manomi ke kallon ganye ya ce wannan tsutsa ce wannan fara ce wannan kuma ƙuduji ne ya shanye gero. Shawarar jarirai misali wani ɓangare guda take ci a cibiyoyin motsin, gulobus falidus sunansa, dama da hagu daidai wa daida, kuma yaron sau da yawa ba ya ji sosai, ba ya iya ɗaga ido sama. Rashin kuka a haihuwa wasu wuraren yake ci na kusa da shi. Tunda na ambaci shawara bari in yi ɗan ratse domin abin na ci min rai: yara maza da yawa a nan suna da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, idan aka zuba kafur a kayan jariri ya shaƙa sai jininsa ya farfashe idonsa ya yi ɗorawa, a ce a shanya shi a hantsi a ba shi ruwan gulukos, kwana biyu an rasa ƙwaƙwalwar yaro. Dan Allah a daina sa kafur a kayan jego, jaririn da ya yi ɗorawa kuma a kai shi asibiti a ranar.

In dawo kan 'yarka. Akwai wani ciwo da ake kira PKAN, sinadarin ƙarfe ne ke taruwa a wancan gulobus falidus ɗin. Wasu likitocin Jamus biyu, Hallervorden da Spatz, su suka fara bayyana shi a 1922, da can ma da sunansu ake kiransa, daga baya aka sauke sunan saboda hannun da aka samu suna da shi a aikin bincike da ƙwaƙwalen mutanen da gwamnatin Hitila ta kashe. A 2001 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, PANK2. Yakan fara kafin shekara 6, da faɗuwa da tafiya a kan yatsu, sannan ya hau hannu da baki da harshe, wasu yaran kuma ganinsu na raguwa musamman da dare. A MRI, a irin ɗaukar da ake ce wa T2, ƙarfe baƙi yake fitowa. Sai ka ga baƙin tabo a dama baƙin tabo a hagu, a tsakiyar kowanne akwai ɗan fari, wallahi ranar da na fara ganinsa a kan kwamfuta ba a littafi ba sai da tsigar jikina ta tashi, kamar wata dabba ce ta zuba min ido daga cikin kan yaron. Idon damisa ake ce masa. Wanda ya taɓa ganinsa ba ya mantawa, kuma idan ya fito sarai tare da irin labarin da ka bayar, kusan an gama gane ciwon tun kafin a yi gwajin ƙwayar gado. CT kuwa sau da yawa wucewa yake ta kansa bai gani ba. Ban ce shi ne da ita ba fa, na ce yana cikin abin da za a nema, kuma ciwo ne da ba kasafai ake samunsa ba, lissafin da ake yi bai wuce mutum 1 zuwa 3 a cikin miliyan ba.

Gaskiya kuma ba don shi nake matsa maka ka yi hoton ba, domin shi har yau ba a samu maganin da ke tsayar da shi ba. Ina matsa maka ne saboda 'yan'uwansa da ke kama da shi a ido amma su suna da magani, wasu ma maganin mai araha.

Akwai wanda likitoci a Riyad ta Saudiyya suka bayyana a 1998, a iyalai masu auren zumunci irin namu. Yaro na cikin lafiyarsa sai zazzaɓi ya kama shi, ya rikice, ya kasa magana ya kasa haɗiya, jiki ya murɗe, wani har da jijjiga, ya ɗan farfaɗo, wani zazzaɓin ya sake mayar da shi baya. MRI na nuna kumburi a wasu ɓangarori biyu na cibiyoyin motsi, dama da hagu. Maganinsa bitamin ne guda biyu, bayotin da tiyamin, a ba da su da yawa kullum har ƙarshen rayuwa. Idan an fara da wuri yaro na iya dawowa garau, idan an makara ya nakasa ko ya rasu. Ka ga irin wannan, hoton ne ke sa likita ya tuna da shi. Yana kuma kama da wani mai suna ciwon Leigh wanda shi ya fi tsanani, shi yasa da yawanmu idan muka ga irin wannan hoton muke fara ba da bitamin ɗin nan take ba ma jiran tabbaci, tunda ba su da wata illa ta a zo a gani.

Akwai ciwon Wilson, wani likita a Ingila ya bayyana shi a 1912. Shi tagulla ce jiki ke kasa fitarwa, ta taru a hanta sannan ta hau ƙwaƙwalwa. A ƙananan yara ta hanta yake fara fitowa, shawara da kumburin ciki, murɗewa da rawar hannu da dalalar da yawu sun fi zuwa bayan shekara 10, don haka shekarun 'yarka sun ɗan yi ƙasa, amma duk da haka ni ba na barin yaro mai irin wannan ya wuce ban duba ba saboda yana da magani, fenisilamin ko zinki. MRI na iya nuna alama, har akwai wata da ake cewa fuskar fanda, wata dabbar ƙasar Sin mai baƙin zobe a ido, sai dai shi ba hoto ne ke yanke hukunci ba. Gwajin jini ne da na fitsarin awa 24, da likitan ido ya haska ya duba ko akwai wani zobe ruwan ƙasa a gefen baƙin ido. Idan aka same shi a yaro ɗaya dole a gwada duk 'yan ɗakinsu ko lafiyarsu ƙalau.

Wani kuma na jarirai ne, yaro mai ƙaton kai, yana wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi zazzaɓi ko gudawa ta kama shi, ya tashi jiki ya saki daga baya ya murɗe. A hoto gefe da gefen ƙwaƙwalwar a buɗe suke kamar jemage ya ware fukafukai. Wanda ya riga ya kamu ba a iya dawo da abin da ya lalace, amma ƙaninsa da za a haifa ana iya kare shi da abinci na musamman da wani magani mai suna kanitin da saurin kai shi asibiti duk ranar da ya yi zazzaɓi. Wannan bai yi kama da labarinka ba, na kawo shi ne saboda masu karatu.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai. Zai iya yiwuwa ka sayar da rago a Maigatari, ka yi MRI, sakamako ya fito a ce shi ma lafiya ƙalau. Kada ka ce shi kenan magana ta tabbata ba na asibiti ba ne. Akwai cututtukan motsi na gado da ƙirar ƙwaƙwalwar ba ta canzawa ko kaɗan, sinadarin da take aiki da shi ne ya yi ƙaranci, kamar injin ban-ruwa ne sabo fil amma ba mai, ko ka ɗauke shi hoto sau goma ba za ka ga laifinsa ba. Babban misali ciwon Segawa, sunan likitan yara na Japan da ya bayyana shi a shekarun 1970. Wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin ne ke ƙaranci. Ya fi kama mata, yakan fara wajen shekara 4 zuwa 8, daga ƙafa yake farawa, kuma alamarsa ita ce da safe yaro da sauƙi, yamma na yi yana ƙara ƙagewa.

Na taɓa ganin wata yarinya 'yar shekara 8 da aka kawo daga wani ƙauye ta wajen Kano ta kudu, katinta an rubuta galahanga shekara da shekaru, an yi ta gashi, har an fara maganar a yi mata aiki a agara. An yi MRI ba komai. Ina cikin rubutu kakarta da ta rako su, wadda tun shigowarsu ba ta ce uffan ba, ta ce likita ni abin da ke ɗaure min kai da yarinyar nan, da safe ita ke share tsakar gida har ta kai wa kaji ruwa, amma kafin la'asar sai an goya ta zuwa makewayi, shi yasa kishiyar uwarta ke cewa iya shege ne. Na ajiye biro. Muka fara mata lebodofa ɗan kaɗan, maganin da ake ba tsofaffi masu ciwon rawar jiki. Ranar da suka dawo da ƙafarta ta shigo, da yamma, tana riƙe da ledar maganinta. Ba hoto ne ya gano wannan ba, tsohuwar nan ce, amma hoton da ya fito fes shi ya rage mana hanya. Shi yasa ƙa'ida ce a wurinmu duk yaron da ke da murɗewar jiki ba a san dalili ba a gwada masa lebodofa na wasu makonni a gani. Ka tambayi likitanku ko an taɓa gwada wa 'yarka. Kada ka je kemis ka saya da kanka, akwai yadda ake farawa da yadda ake ƙarawa.

Akwai kuma wani da suga ne ba ya shiga ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, yaron ya fi rikicewa da safe kafin ya karya ko in ya gaji, shi ma hoto yawanci ba ya nuna komai, sai an ɗebi ruwan baya an auna sugansa, maganinsa kuma canjin abinci ne. Na san yadda mutanenmu ke tsoron ɗibar ruwan baya, ana cewa shi ke kashe yaro ko ya gurgunta shi. Ba haka ba ne, yaran da ake ɗiba wa galibi dama sanƙarau ya riga ya ci ƙarfinsu shi yasa ake danganta mutuwar da allurar.

Kuma ba kowane motsi ne ke buƙatar hoto ba, kada kowa ya karanta wannan ya ɗauki ɗansa ya nufi Kano. Yaron da aka ba maganin amai irin Maxolon a kemis, bayan awanni wuya ya sandare ido ya kafe sama harshe ya fito, wannan maganin ne, allura ɗaya ke warware shi. Yarinya 'yar firamare da ta yi ciwon maƙogwaro watannin baya sai ga ta tana fizge-fizge kamar mai rawa, abu na faɗuwa daga hannunta, wannan hoton zuciya ta fi buƙata da fenisilin, ba na kai ba.

Toh yanzu yadda za ka yi. Kafin hoton, inda hali ka fara kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa na yara, akwai su a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ka karɓi takardar turawa daga asibitin da kuke zuwa. Dalili shi ne likitan hoto abin da aka tambaye shi yake nema. Idan takardar da aka ba shi an rubuta yarinya ba ta tafiya kawai, zai duba ƙari da ruwa ya ce babu. Idan an rubuta ta fara lafiya ta koma baya, yayanta ya rasu da irinsa, iyaye 'yan'uwa ne, a duba taruwar ƙarfe a cibiyoyin motsi, to zai sa a yi irin ɗaukar da ke fito da ƙarfe, akwai wata ta musamman da ake ce wa SWI, zai kuma zauna ya ƙura wa wurin ido. Na sha ganin hoton da aka rubuta masa lafiya ƙalau, muka sa faifan a kwamfuta tare da likitan hoto muka ba shi labarin yaron, ya ce au, ga shi nan kuwa.

Sannan ka tambayi ƙarfin injin kafin ka biya. Ana auna shi da tesla. Akwai ƙananan inji masu ƙasa da rabin tesla, sun fi araha kuma suna da amfaninsu a ciwon baya da makamantansu, amma ƙarfe ba ya fitowa sosai a cikinsu. Ka nemi mai 1.5. Ka faɗa musu haka kai tsaye, injinku 1.5 ne? ba rashin kunya ba ne, kuɗinka ne. Gara ka ƙara jira wata ɗaya ka cika kuɗin mai kyau da ka yi mai araha a ce a sake.

Hoton yana ɗaukar minti 30 zuwa 45, cikin wani rami mai ƙara kamar ana dukan ƙarfe a maƙera, kuma ko ɗan motsi aka yi ya ɓaci. Yarinyar da jikinta ke murɗewa da kansa ba za ta iya kwanciya shiru ba ko ta so, don haka kusan tabbas sai an sa ta barci. Ka tabbata wurin akwai mai sa barci da zai tsaya a kanta da na'urar auna numfashi, domin yaran nan haɗiyarsu ba ta da ƙarfi. Za su ce kada ta ci abinci na wasu awanni, yawanci 6, ku bi wannan sau da ƙafa, kada tausayi ya sa mahaifiyarta ta ba ta koko a mota a ɓoye, idan ta yi amai cikin barci huhu zai tafi. In tana tari ko zazzaɓi ranar ku faɗa, gara a ɗaga. Tunda daga nesa kuke ku kwana a Kano ya fi muku sauƙi da ku taso da asuba da yarinya mai jin yunwa. A cire mata 'yan kunne da awarwaro da duk wani fil ko ƙarfen kitso, laya da guru ma a cire domin ba ka san abin da aka ɗinke a ciki ba, maganaɗisun nan fizgo ƙarfe yake da ƙarfin tsiya, kuma kada a sa mata kwalli ranar, yana ɓata hoton wajen ido. Idan an gama kada ka tafi da takardar sakamako kaɗai, ka ce a ba ka faifan, ka adana shi kamar takardar gona. Wani lokaci hoton farko ba ya nuna abu sai bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma sai an jera tsohon da sabon ake gane canji. CT ɗin bara ma ka tafi da shi, amma kada ka yarda a yi ta maimaita mata CT ba dalili.

Abin da zai taimaki likita fiye da yadda kake zato kuma kyauta ne: bidiyo. Ka ɗauke ta a waya da safe tana tashi, ka sake ɗauka da yamma, tana tafiya ko ana riƙe da ita, tana cin abinci, tana ƙoƙarin ɗaukar abu. Yara in sun shiga ɗakin likita sandarewa suke ba a ganin ainihin yadda suke. In akwai tsohon bidiyon yayanta ko katinsa na asibiti ka haɗa. Ka zauna da mahaifiyarta da kakanninta ku tuna: ta yi shawara tana jaririya? ta yi kuka da aka haife ta? abin bayan zazzaɓi ya fara ko haka kawai? tana laluben hanya da magariba? a dangi akwai wanda ya yi irinsa ko yaran da suka yi ta rasuwa ba a san dalili ba? Kuma ka tafi da uwar, ita ta san amsoshin nan ba kai ba, kada ka bar ta a gida ka zo kana cewa bari in buga mata waya.

Maganar zumunci kuma, tunda na san za ta taso a gida. Yawancin cututtukan nan tafiyarsu ɗaya da sikila, sai uba ya ba da rabi uwa ta ba da rabi, ku biyun lafiyarku ƙalau kuna ɗauke da shi ba ku sani ba, wataƙila daga kakanku ɗaya kuka gado. Kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaron ya kamu, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an samu ɗaya ukun da ke biye sun tsira ba. Don haka duk wanda ya ce daga wajen uwar ne, ko nononta ne, ko ta yi wanka da magariba tana da ciki, ka tsawatar masa, rabin abin naka ne. Ba kuma ina cewa auren zumunci haramun ba ne ko ku rabu, dubban gidaje sun yi shi 'ya'yansu garau. Amma gidan da abu ya fito sau biyu ya kamata a yi shawara da likita kafin a sake haɗa 'yan gidan aure. Gwajin ƙwayar gado shi ke tabbatar da sunan ciwon, galibi sai an tura jinin waje kuma da tsada, amma in MRI ya nuna hanya sai a nemi ƙwaya ɗaya tak maimakon a yi ta lalube, kuɗin ya ragu.

Idan kuma ya zama irin wanda ba ya warkewa ne, ba zan ɓoye maka ba yana iya zama hakan, har yanzu akwai abin yi. Akwai magungunan sassauta jiki irin bakulofen da Artane da ke rage murɗewar da zafinta ta samu barci, akwai masu gashi da za su koya wa uwar yadda za ta zaunar da ita da miƙar da gaɓoɓi kada su ƙage, akwai yadda ake ba da abinci mai kauri a zaune don kada ta shaƙe. Addu'a da tofi ku ci gaba, ba wanda ya hana, amma kada a danne ta a ɗura mata rubutu ko jiƙo tana kwance, kada a turara mata hayaƙi a rufe ta da bargo, kada a yi mata tsaga. Ranar da kuma ka ga murɗewar ta ƙi sakinta, ta banƙare tana gumi ga zazzaɓi, ko fitsarinta ya koma kalar shayi, wannan ba na jiran ranar kilinik ba ne, ku nufi babban asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne. Sau da yawa ɗan abu ne ke tayar da shi, ciwon haƙori ko rashin bahaya na kwanaki ko zazzaɓin sauro, don haka gidan sauro kada ya wuce ta.

Ka fara da bidiyon nan gobe da safe kafin ta karya, ka sake wani bayan la'asar, ka kuma tambayi mahaifiyarta maganar gani da magariba. Sauran ƙannenta ma in akwai wanda ka ga ya fara yawan tuntuɓe ko yana ɗage dunduniya, ku taho da shi rana ɗaya a duba su tare.